Sunan Mai Walda a Shafin Godiya

Duk ɗalibin da ya kai shekara ta biyar a sashen injiniyancin injuna, wanda ɗalibai suka fi kira Mekanikal, akwai wani aiki da ke jiransa kafin a sallame shi. Zai zaɓi matsala guda, ya yi lissafinta, ya zana injin da zai magance ta, a ƙera injin, a gwada shi, sannan ya rubuta littafi ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya yi. A ƙasar noma irin tamu, da yawa daga cikin injunan nan na gona ne da na gida: injin ɓare gyaɗa, injin sussukar masara, na'urar busar da tumatir da zafin rana, murhu mai cin gawayi kaɗan. A farkon littafin kuma akwai shafin godiya, inda ɗalibi ke gode wa Allah, da iyayensa, da malamin da ya duba masa aiki, da abokan ɗaki, wani ma har da wadda yake fatan aura. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce, mutumin da ya riƙe sandar walda ya haɗa injin nan, yana da gurbi a wannan shafi? In yana da shi, alfarma ake yi masa ko bashi ake biya?

Tambayar ta fi nauyi a wurinmu mu mutanen Zariya, domin garinmu ya tara masu ilimin ƙarfe iri biyu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, kuma ta gaji karatun injiniya ne daga kwalejin kimiyya da fasaha da ta riga ta zama a wurin. Birni kuwa ya riga su duka da ɗaruruwan shekaru, da maƙeransa na baƙi da na fari, da maginansa, da marinansa. Ɗalibin da gidansu ke Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, in bai samu ɗaki a makaranta ba, yakan fito bayan Asuba ya bi ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya wuce PZ da Kwangila kafin ya isa Samaru. A kan hanyar nan zai wuce rumfunan walda da garejin kanikawa da ba zai iya ƙirgawa ba. Abin da za a rubuta masa a allo da ƙarfe takwas na safe, ya riga ya gan shi a bakin titi da ƙarfe bakwai, ana dukansa da guduma.

Karatun ba wasa ba ne, kuma duk wanda ya zauna gida ɗaya da mai yin sa ya san haka. Shekarar farko lissafi ne da kimiyya. A ta biyu ake shiga zanen injiniya da ɗakin koyon aiki, inda ake ba yaro guntun ƙarfe da zarto da magagari a ce ya mai da shi daidai da awo. Daga nan sai darussan ƙarfin kayan aiki, da ilimin zafi da yadda yake zama motsi, da tafiyar ruwa da iska cikin bututu, da tsara sassan inji. Ana raba dare a Laburaren Kashim Ibrahim da azuzuwa, ana shan gari da ƙuli idan wata ya yi nisa. A shekara ta huɗu ana fita wata shida koyon aiki a masana'antu, tsarin da ake kira SIWES. In kuma yajin aikin malaman jami'a ya shigo, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai shekara biyar ta zama shida. Saboda haka ba ma cikin masu raina takardar shaidar. An sha wuya kafin a same ta.

Sai dai idan aka zo aikin ƙarshe, ɗalibai suna da yawa, lokaci kaɗan ne, kuɗi ma daga aljihun iyaye suke fitowa. Sananne ne a faɗin ƙasar nan cewa ɗalibi kan ɗauki zanensa ya kai wa mai walda ko mai injin fere ƙarfe a cikin gari, a Sabon Gari ne ko Tudun Wada, wani har Panteka ta Kaduna. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Injiniya a ko'ina cikin duniya ba shi ke haɗa kowane noti da hannunsa ba. Abin dubawa shi ne abin da ke faruwa a cikin rumfar.

Mu ɗauki misali. Ɗalibi ya shimfiɗa zanen injin sussukar masara a kan benci. Maigidan rumfar, wanda ya yi shekara talatin yana wannan aiki, ya duba ya jinjina kai ya ce, "Injiniya, wannan boris ɗin da ka rubuta ba za ka same shi a kasuwa ba, sai dai mu sa wanda ake samu mu gyara sandar ta dace da shi. Kuma ratar nan da ka bari tsakanin ganga da raga ta yi kaɗan, masarar nan tamu za ta farfashe." Ɗalibi ya ce, "To Baba, yaya za a yi?" Baba ya ɗauki alli ya zana a ƙasa. Aka bi shawararsa, inji ya tashi, masara ta fito lafiya. Bayan wata guda, a babi na huɗu na littafin, sai a karanta cewa an gano ratar farko ta yi kaɗan, an ƙara ta. Turancin rahoton kimiyya yana da wata siga mai kama da "an" ɗinmu ta Hausa, wadda ke faɗin abin da ya faru ba tare da faɗin wanda ya yi ba. A cikin wannan "an" ɗin ne Baba ya ɓace.

Akwai masu cewa babu wani bashi a nan, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa an yi ciniki, an biya. Tela ba ya rubuta sunansa a wuyan riga, mai buga takarda da mai ɗinke littafin ma ba a ambaton su. Jami'a kuma lissafi take aunawa da fahimta, su ne take ba maki, ba kyawun walda ba. Sun ƙara da cewa shi kansa mai waldan bai nema ba, littafin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a kanta a Samaru ba zai ƙara masa kwastoma ko ɗaya ba.

Mun yarda da rabin maganar. Idan mai walda ya bi zane sau da ƙafa, bai ƙara ba bai rage ba, to ladansa ya biya aikinsa, godiya kuma ta zama kyautatawa. Amma a misalinmu abu biyu Baba ya bayar. Ya bayar da aikin hannu, wanda aka yi cinikinsa. Ya kuma bayar da sani, wanda ba a yi cinikinsa ba, kuma wannan sanin shi ne ainihin abin da malamai za su ba maki a ranar kare aiki. Da wani farfesa ne a Indiya ya rubuta maganar ratar nan a mujalla, dole ɗalibi ya kawo sunansa da shekarar da ya rubuta, in ya ƙi a kira abin satar ilimi. To me ya sa hukuncin zai canza don mai maganar ya faɗe ta da Hausa, yana tsugune, hannunsa duk baƙin mai? In ba mu samu amsa ba sai cewa wancan yana da digiri wannan ba shi da shi, to matsayin mutum muke girmamawa, ba gaskiyar abin da ya faɗa ba. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki shi ne ambaton wanda aka koya daga gare shi ba baƙon abu ba ne da sai boko ya koya mana. Birnin Zazzau garin makarantun zaure ne. Malamin da ya zauna a kan buzu yana ba da karatu yakan faɗi wurin wanda ya ɗauko littafin, shi ma wancan wurin wa ya ɗauko, har silsila ta yi nisa. Almajirin da ya ɓoye malaminsa ana ganin ya zubar da albarkar karatunsa. Maƙeri ma in ka tambaye shi zai gaya maka a gaban wa ya fara jan zugazugi. Kuma birnin nan ya riƙe sunan magini kusan shekara ɗari biyu. Babban masallacin Juma'a da aka gina cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kowa ya san aikin Muhammadu Durugu ne, wanda ake kira Babban Gwani. Ya ɗaga rufi mai faɗi a kan bakan gizo na ƙasa da azara. Ƙasa tana jure danniya, azarar giginya tana jure ja da lanƙwasa, shi ya haɗa su kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, dabarar da ɗalibin yau ke karantawa idan aka zo bayanin kankare mai rodi. Sarki ne ya sa aka yi aikin, amma mutanen birni ba su bar sunan sarki ya haɗiye na magini ba.

Tarihin fannin kansa ma haka yake. James Watt, wanda ake auna ƙarfin inji da sunansa, mai gyaran kayan awo ne a Jami'ar Glasgow. Ya yi rajistar dabararsa ta injin tururi a 1769, amma ya sha fama da rashin wanda zai huda masa tukunyar ƙarfe daidai yadda tururi ba zai zurare ba, sai da John Wilkinson, mai narka ƙarfe, ya fito da injin huda da ya iya wannan aiki cikin shekarun 1770. Ilimin zafi da ke hana ɗalibanmu barci ya zo ne daga baya, domin sai a 1824 Sadi Carnot na Faransa ya rubuta bayaninsa kan iyakar aikin da za a iya samu daga zafi, lokacin da injunan tururi sun daɗe suna aiki. George Stephenson, wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Ingila a 1847, sai da ya kai shekara 18 kafin ya koyi karatu da rubutu. Wanda ya raina mai rumfa, kakannin sana'arsa ya raina.

Amma kada son gida ya ɗebe mu mu ce hannu ya wadatar, lissafi ƙawa ce. Akwai abin da ido da gwaninta ba sa gani. Maƙeri ya san in ya gasa sifirin mota ya yi ja ya tsoma shi a ruwa zai yi tauri, ya kuma san in bai sake ɗumama shi ba zai karye kamar kwalba. Wannan sani ne na gaske. Sai dai akwai abin da ake kira gajiyar ƙarfe: sandar da ke juyawa tana ɗauke da nauyi tana iya tsagewa a hankali daga wani ɗan lungu mai kaifi ko wurin walda, ta yi watanni lafiya lau, rana ɗaya ta karye ba sallama. Turawa ma da jini suka koyi wannan. A 1842 sandar ƙafar jirgin ƙasa ta karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da dama suka mutu, daga baya August Wöhler na Jamus ya yi shekaru yana gwaji kafin a fahimci lamarin. Ɗalibin shekara ta huɗu yana iya lissafa wannan. Ya san kaurin da tankin iska ke bukata kafin a ɗura masa matsi. Ya san hayaƙin waldar ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi, ya san bel da fuli in ba a rufe su ba suna cin hannun riga har da hannun.

Mu a Zariya ba ma bukatar a je da mu Faransa kafin mu san nauyin wannan magana. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin nan na Babban Gwani ya rufta ana sallar La'asar, aka yi rashin rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ya yi kusan shekara 190 yana ɗauke da rufinsa, wannan kaɗai ya isa shaida ga maginin. Amma ya tuna mana cewa aikin gwani ma yana tsufa, kuma garin da ya gaji irin wannan aiki yana bukatar masu sanin yadda aka yi shi da masu iya auna ƙarfin da ya rage masa, su zauna wuri ɗaya suna jin maganar juna.

Ke nan bashin da ke kan ɗalibi kashi biyu ne. Na farko ya faɗi abin da ya karɓa da wanda ya ba shi. Na biyu ya mayar da abin da shi ma yake da shi. In Baba ya gyara masa rata, shi kuma ya ga Baba yana haɗa injin markaɗe babu murfin bel, ko yana shafa fenti a cikin mazubin da abinci zai bi, shirunsa ba ladabi ba ne. Akwai yadda ɗa ke gaya wa uba magana a birnin nan ba tare da ya ɗaga murya ba: "Baba, Allah Ya ƙara girma, a makaranta an nuna mana wani abu game da wannan, ko in gwada maka?" Wanda ya iya karɓar gyara daga dattijo ne dattijo zai saurari nasa gyaran.

Wani zai ce duk wannan dogon zance a kan layi ɗaya a shafin da ba kowa ke karantawa ba? Mu a ganinmu layin nan gwaji ne na halin da za a fita da shi. Aikin injiniya a ƙarshe sa hannu ne. Zai sa hannu cewa tukunyar tururin nan ba za ta fashe ba, ƙugiyar nan za ta ɗauki nauyin da aka rubuta a jikinta, kuma mutanen da ba su san shi ba za su tsaya a ƙarƙashinta saboda sa hannunsa. Sa hannun yana da daraja ne idan mai shi ya saba rarrabe abin da ya sani da kansa, da abin da aka gaya masa, da abin da bai bincika ba. Wanda ya saba tun yana ɗalibi da shigar da sanin wani cikin "an", zai yi masa sauƙi gobe ya sa hannu a kan awon da bai yi ba. Ƙarfe kuwa ba ya duba takardar shaida kafin ya karye. Hukumar COREN, da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu fasaha da masu aikin hannu. Dokar ƙasa ma ta san sana'ar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Akwai kuma maganar amfani. Masaƙun Kaduna da suka ɗauki dubban ma'aikata a da yawancinsu sun rufe, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau bai kai inda aka nufa ba. Da yawa daga cikin masu kammala Mekanikal ba babbar masana'anta ke jiransu ba. Injunan da manomin Giwa ko Soba ko Maƙarfi zai iya saya, kuma ya samu mai gyara masa in sun lalace, a rumfunan nan ake yin su. In kowane littafi ya rubuta a wace rumfa aka haɗa injin, wane gyara aka yi, wa ya kawo shi, ɗalibin baɗi zai san inda zai dosa, ya ɗora daga inda aka tsaya. In aka ɓoye, kowace shekara sai a sake gano ratar nan daga farko, injin kuma ya yi tsatsa a bayan ɗakin koyon aiki.

Mun san abin da ke sa ɗalibi jinkiri. Yana tsoron in ya rubuta cewa mai walda ne ya gyara masa zane, malamai za su ce to kai me ka yi, su rage masa maki. Tsoro ne mai dalili, kuma a nan nauyin ya hau kan malamai. Ɗalibin da ya ce, "Zanena na farko ya ba da rata kaza, maigidan rumfa ya ce ta yi kaɗan, na koma na auna ƙwayar masara, na gwada rata uku, ga sakamakon," ya nuna injiniyanci fiye da wanda ya kawo inji mai sheƙi ya kasa bayanin dalilin kowane awo. In aka saka wa mai faɗin gaskiya da maki, sauran za su biyo. Akwai kuma wani tsoron da ba a cika faɗa ba, na kada a ga ɗan jami'a yana koyo wurin wanda bai gama firamare ba. Wannan girman kai ne, kuma ya fi muni a wurin ɗan birni, wanda wataƙila kuɗin makarantarsa ma daga uwar maƙera ko bakin kasuwa suka fito.

Abin da muke kira gare shi ba mai tsada ba ne. Ɗalibi ya nemi izinin mai rumfa, in ya yarda ya rubuta sunansa da unguwarsa a shafin godiya, ya kuma rubuta a cikin babin aikin ainihin abin da ya gyara. In an kammala, ya koma rumfar da littafin a hannu, ya buɗe shafin ya nuna masa, ya fassara masa sakamakon gwajin da Hausa, har da inda injin ya gaza. Wataƙila Baba ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ai da ka bari." Amma yaran rumfar suna kallo, kuma a cikinsu akwai wanda zai fahimci cewa abin da yake koyo ilimi ne da ake rubutawa a littafi.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke kan wannan karatu yanzu, maza da mata, muna yi muku fatan gamawa lafiya. Allah Ya sa albarka a lissafinku da hannuwanku, Ya saka wa duk wanda ya koya muku wani abu, na cikin aji da na bakin titi.